Nazarin lamari: cibiyar kiwon ungulu a arewacin Indiya, 2001 zuwa 2024

Cibiyar da wannan nazari ya shafa tana jihar Haryana a arewacin Indiya, a gefen wani gandun daji da ke gindin tuddan Shiwalik. Ma'aikatar gandun daji ta jihar ce ke tafiyar da ita tare da BNHS, tsohuwar ƙungiyar nazarin halittu da ke Mumbai. Saboda tsuntsu ɗaya aka gina ta: ungulu. An buɗe ta a 2001 a matsayin wurin jinya da bincike, bayan shekara uku ta koma gidan kiwo, daga 2016 kuma ta fara gwada mayar da tsuntsaye daji.

## Kafin 1990: ƙasa cike da ungulaye

Indiya na da shanu da ɓaunar gida ɗaruruwan miliyoyi, kuma mafi yawan mabiya addinin Hindu ba sa cin naman saniya. Saniya takan ba da madara, bijimi ya yi huɗa, har su tsufa su mutu da kansu. Masu fiɗa su cire fata, a ja gawar bayan gari, sauran aikin na ungulu ne. Garke guda kan cinye saniya sukutum cikin ƙasa da awa ɗaya, sannan masu tara ƙashi su kwashe abin da ya rage su sayar. A yawancin wurare babu wani tsari na binne mushe ko ƙona shi, domin buƙatar hakan ba ta taɓa tasowa ba. Al'ummar Parsi ta Mumbai ma ungulu take miƙa wa gawar mamatanta a kan hasumiyoyin da ta keɓe don haka.

Iri uku ne ke ɗauke da mafi yawan wannan aiki: mai farin ƙugu, Gyps bengalensis, mai dogon baki, Gyps indicus, da mai siririn baki, Gyps tenuirostris. A shekarun 1980 masana na ganin babu wani babban tsuntsu mai cin nama a duniya da ya kai mai farin ƙugu yawa. Ana maganar miliyoyi masu ɗimbin yawa, har ƙorafin da ake yi a lokacin shi ne sun yi yawa, suna karo da jiragen sama.

Akwai wani abu game da rayuwar ungulu da duk abin da ya biyo baya ya rataya a kansa. Ba ta fara haihuwa sai ta kai shekara biyar ko kusa da haka. Ƙwai ɗaya take yi a shekara. Kwanci na ɗaukar kusan wata biyu, ɗan kuma sai ya yi kimanin wata huɗu a sheƙa kafin ya tashi. Tsuntsu mai irin wannan jinkirin haihuwa da tsawon rai yake cike giɓi. Idan manya suka fara mutuwa da yawa, haihuwa ba ta iya rama asarar.

## 1996 zuwa 2000: alamun farko

Wani masanin BNHS, Vibhu Prakash, ya taɓa ƙirga sheƙun ungulu a gandun dajin Keoladeo da ke Bharatpur, jihar Rajasthan. A kakar 1987 zuwa 1988 ya sami sheƙa 353 ta mai farin ƙugu. Da ya dawo a rabin ƙarshe na shekarun 1990 ya tarar abin ya sauya, zuwa kakar 1998 zuwa 1999 saura sheƙa 20. Ya ga tsuntsaye zaune a kan reshe wuyansu ya langaɓe, kai na reto ƙasa, bayan wani lokaci su faɗo matattu. Ga mushe zube a fili, ba mai jewa a kansa.

A 2000 aka sake bin hanyoyin motar da aka taɓa bi ana ƙirga tsuntsaye tsakanin 1991 da 1993. Raguwar ta haura kashi 90 cikin 100, kuma ba a jiha ɗaya ba. A wannan shekarar hukumar IUCN, mai tantance halittun da ke cikin haɗarin ƙarewa a duniya, ta sanya mai farin ƙugu a matakin da ke dab da ƙarewa, sauran biyun suka bi bayanta a 2002.

## 2001 zuwa 2003: neman cutar da ba a samu ba

An buɗe cibiyar a Satumban 2001 da tallafin asusun Darwin Initiative na gwamnatin Birtaniya, tare da ƙungiyar kare tsuntsaye ta RSPB da ƙungiyar nazarin dabbobi ta Landan. Aikinta a lokacin shi ne karɓar tsuntsaye marasa lafiya, jinyarsu, da bincikar gawar waɗanda suka mutu.

Zaton da ya fi ƙarfi shi ne annoba ce mai yaɗuwa, wataƙila wata sabuwar ƙwayar cuta. Zaton yana da hujjoji. Yunwa ba ita ba ce, tunda abinci ya yi yawa. Maganin ƙwari da aka auna a jikin gawarwakin bai kai adadin da zai yi irin wannan kisa ba. Mutuwar ta fi kama dangi ɗaya na ungulaye, kuma ungulaye a cunkushe suke cin abinci, a cunkushe suke kwana, yanayin da cuta ke so ke nan.

Abin da masu bincike suka riƙa tararwa idan sun buɗe gawa shi ne wani farin abu kamar garin alli ya lulluɓe hanta, zuciya da ƙoda. Ƙodar tsuntsu takan tace dattin jini ta fitar da shi a matsayin farin nan da ake gani a kashinsa. Idan ƙodar ta daina aiki, sai farin ya taru a kan kayan ciki. An san, ke nan, ƙoda ce ke mutuwa. Abin da ke kashe ta ne ba a sani ba. Samun sabuwar gawa ma wahala ne, domin zafin ƙasar kan ruɓar da ita kafin a iso. An shafe kimanin shekara biyu a kan wannan hanya, ba a sami wata ƙwayar cuta da za ta bayyana mutuwar ba. A daidai wannan lokaci mai farin ƙugu na raguwa da sama da kashi 40 cikin 100 kowace shekara.

## 2003 zuwa 2004: amsa ta fito daga Pakistan

A lardin Punjab na Pakistan, ƙungiyar Peregrine Fund ta Amurka na irin wannan bincike tare da masanan ƙasar. Lindsay Oaks, likitan dabbobi na Jami'ar Jihar Washington, shi ma cuta ya je nema. Cikin gawarwaki 259 na manya da matasan ungulaye da aka duba, kashi 85 cikin 100 na ɗauke da farin nan. Da gwajin ƙwayoyin cuta da na gubar da aka saba zargi ya ƙi ba da komai, sai suka juya tambayar: me ya sauya a abincin ungulu? Suka zagaya wurin likitocin dabbobi da shagunan magani suna tambayar abin da ake yi wa shanu allura da shi, suna neman maganin da bai daɗe da shigowa ba, ake amfani da shi ko'ina, kuma aka san yana taɓa ƙoda. Guda ɗaya ne ya cika waɗannan sharuɗɗa: diklofenak, maganin ciwon jiki da kumburi wanda mutane suka daɗe suna sha, aka fara yi wa dabbobi a yankin a shekarun 1990 bayan ya yi arha.

Aka koma kan ƙodojin da aka adana. Waɗanda ke da farin suna ɗauke da maganin, waɗanda suka mutu da wani dalili ba su da shi. Aka ciyar da wasu ungulaye naman dabbar da aka yi wa allurar, suka mutu cikin 'yan kwanaki da alamu iri ɗaya. An bayyana sakamakon a wani taron masana a Mayun 2003, mujallar Nature ta buga shi a farkon 2004, kuma a shekarar aka tabbatar da haka a gawarwakin Indiya da Nepal.

Yadda abin ke faruwa ba shi da sarƙaƙiya. Manomi ya ga tsohuwar saniyarsa na fama, a yi mata allura don ta sami sauƙi. Idan ta rayu, maganin kan fita daga jikinta cikin kwanaki. Idan ta mutu kafin ya fita, yana nan a hanta da ƙoda da tsoka, ungulaye masu yawa kuma za su sauka a kanta rana ɗaya. Lissafin da Rhys Green da abokan aikinsa suka yi a 2004 ya nuna ko da mushe ɗaya ne cikin 130 zuwa ɗaya cikin 760 ke ɗauke da adadin da ke kisa, ya isa ya haifar da raguwar da aka gani. Da aka ɗebi samfurin hanta a wuraren zubar da mushe na Indiya a 2004 da 2005, kusan ɗaya cikin goma aka samu da maganin.

## 2004 zuwa 2006: daga jinya zuwa kiwo

A Fabrairun 2004 aka yi taro a Parwanoo, jihar Himachal Pradesh, aka tsayar da abu uku: a hana yi wa dabbobi diklofenak, a samo wanda zai maye gurbinsa, a kuma kama wasu ungulaye a killace su kafin su ƙare. Na ukun ya faɗo kan cibiyar. Abin da aka sa a gaba shi ne ma'aurata 25 na kowane iri.

Ba kowa ya yarda da wannan ba. Ɗebe tsuntsaye daga dajin da ya riga ya kusa zama fayau abu ne mai nauyi, kuma babu wanda ya taɓa kiwon waɗannan nau'o'i uku da yawa har su hayayyafa. Masu goyon baya suka ce tsuntsun da aka bari a waje, a yadda ake mutuwa a lokacin, da wuya ya kai shekarun haihuwa.

Yawancin waɗanda aka tara 'ya'ya ne da aka ɗauko daga sheƙa ko matasa, domin sun fi saurin sabawa da keji. Wannan na nufin sai an jira shekaru kafin a ga ƙwai. Wasu kuma daga Ahmedabad ta jihar Gujarat aka kawo su. A can kowace Janairu ana bikin tashin jiragen takarda, waɗanda ake ɗaure wa zaren da aka shafa wa garin kwalba, zaren kuma kan yanke fiffiken tsuntsaye. Ungulun da ba za ta sake tashi da kyau ba tana iya haihuwa a keji.

An gina manyan kejuna masu tsawon ƙafa 100, faɗin ƙafa 40, da tsayin ƙafa 20, domin ungulu a cikin jama'a take zaɓar abokin zama, kuma tana buƙatar filin kaɗa fiffike. Aka kafa katakan sheƙa a sama a jikin bango, aka sa kyamarori don ma'aikata su riƙa kallo daga wani ɗaki ba sai sun shiga ba. Masu kiwon shaho da gaggafa daga Birtaniya, cikinsu har da Jemima Parry-Jones, sun taimaka da tsarin kejin da horar da ma'aikata.

Abinci shi ne babban abin tsoro, tunda mushe ɗaya mai magani zai iya share keji guda. Saboda haka ba a karɓar mushe daga waje ko kaɗan. Awaki ake saye da ransu, a tsare su mako guda ko fiye har duk wani maganin da ke jikinsu ya fita, sannan a yanka a feɗe a kai keji. Wannan kuɗin awaki ba ya yankewa, kuma yana ƙaruwa da kowane ɗan da aka ƙyanƙyashe.

An buɗe irin wannan cibiya a Bengal ta Yamma a 2005, da wata a Assam a 2007, don kada annoba ko gobara a wuri ɗaya ta tafi da komai.

## 2006: madadi da haramci

Hana magani ba tare da an ba likitan dabbobi wani ba ba zai yi aiki ba. An tambayi gidajen namun daji da likitoci a ƙasashe da dama wane maganin ciwo suka taɓa ba ungulu ba ta mutu ba, sai sunan meloksikam ya fito. An fara gwada shi a Afirka ta Kudu a kan wata ungulun Afirka mai dangantaka da na Indiya, sannan aka gwada a kan na Indiya tare da cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasar. Bai kashe ko ɗaya ba. A Mayun 2006 hukumar kula da magunguna ta Indiya ta janye izinin haɗa diklofenak na dabbobi. Nepal da Pakistan suka yi haka a shekarar, Bangladesh a 2010.

## 2007 zuwa 2010: ƙwai na farko

A Janairun 2007 aka ƙyanƙyashe 'ya'yan mai farin ƙugu biyu a cibiyar. Ba su rayu ba. Iyayen sabbin shiga ne, kuma a irin waɗannan tsuntsaye haihuwar fari ta saba lalacewa. A 2008 wasu biyu suka girma har suka tashi. A 2009 mai siririn baki ta haihu a keji karo na farko, a 2010 kuma aka sami 'ya'yan mai dogon baki.

Sai dai ƙwai ɗaya a shekara, wani ya fashe, wani ya ƙi ƙyanƙyashewa, ba zai tara garken da za a saki ba. Nan aka kawo dabarar da masu kiwon kaji za su gane: idan aka ɗauke ƙwan farko da wuri, ungulu takan sake yin wani bayan makonni kaɗan. Na farkon a sa shi a injin ƙyanƙyasa, ana auna nauyinsa ana daidaita zafi da danshi, na biyun a bar wa iyaye. Matsalar ɗan da aka raina da hannu ita ce yakan ɗauki mutum a matsayin danginsa, irin wannan kuwa ba ya haihuwa da kyau kuma ba ya tsoron mutane a daji. Aka magance wannan ta hanyar rainon 'ya'yan biyu-biyu ko uku-uku don su riƙa ganin juna, ko a mayar da ɗan injin sheƙar iyayensa bayan 'yan kwanaki a ɗauko ƙwai na biyu a sa a injin. Da wannan haihuwar shekara ta tashi daga 'yan ƙalilan zuwa gommai.

## 2006 zuwa 2015: ƙofar da aka bari a buɗe

Haramcin 2006 ya shafi na dabbobi ne kawai. Diklofenak na mutane ya ci gaba da zama halal, kuma kamfanoni na zuba shi a manyan kwalabe na mililita 30. Mutum mililita 3 ke isarsa a allura ɗaya. Babbar kwalba ta dace da yi wa saniya allura, ga ta kuma ta fi meloksikam arha a lokacin. Masu binciken da suka riƙa shiga shagunan magani a matsayin masu saniya mara lafiya sun ci gaba da samun ana miƙo musu ita. Yawan maganin a jikin mushe ya ragu da kusan rabi cikin 'yan shekarun farko, amma mushe ɗaya cikin ashirin har yanzu ya ninka abin da ungulu za ta iya jurewa sau da yawa. Sai a 2015 gwamnati ta taƙaita kwalbar mutane zuwa mililita 3. Kamfanoni suka kai ƙara, Babbar Kotun Madras ta tabbatar da dokar a 2017.

Kafin nan wasu magungunan sun cike gurbin. An gano ketoprofen na kashe ungulu. An gano aseklofenak na rikiɗewa ya koma diklofenak a cikin jikin saniya. An sami nimesulid a gawarwaki masu farin nan. Biyun farko sai a 2023 aka hana su, nimesulid a ƙarshen 2024. A 2021 an tabbatar da magani na biyu mara illa, tolfenamik.

## 2016 zuwa 2024: buɗe keji

Ƙa'idar da aka sa ita ce ba za a saki tsuntsu ba sai an duba shagunan magani da mushe a zagayen kilomita 100 daga wurin saki. Ana fara ajiye tsuntsayen a wani keji na musamman a bakin daji, ana zuba nama ciki da waje, har ungulayen daji su saba sauka su ci kusa da na ciki. Ranar saki a buɗe ƙofar daga nesa a bar su su fita da kansu.

A Yunin 2016 aka fara da ungulayen Himalaya biyu, irin da ba ya cikin haɗari kamar sauran, don a gwada hanyar. A Oktoban 2020 aka saki masu farin ƙugu takwas ɗauke da na'urorin bin sawu. A farkon 2024 aka kai tsuntsaye 20 daga cibiyar zuwa gandayen dajin Pench da Tadoba a jihar Maharashtra, aka sake su daga baya a shekarar. Ɗaya daga cikin na Tadoba ta yi tafiyar kimanin kilomita 4,000 har ta kai Tamil Nadu, a can wayar lantarki ta kashe ta. Tafiyarta ta nuna zagayen kilomita 100 ba katanga ba ne, kuma magani ba shi kaɗai ke kisa ba. A Assam, a Maris na 2022, kimanin ungulaye 100 suka mutu lokaci ɗaya bayan sun ci mushen da aka sa wa guba.

## Inda aka tsaya

Tsakanin 1992 da 2007 mai farin ƙugu ta ragu da kashi 99.9 cikin 100, sauran biyun da kimanin kashi 97. Ƙidayar 2011 ta nuna raguwar ta lafa. Ƙiyasin 2015 ya ba da kimanin 6,000 na mai farin ƙugu, 12,000 na mai dogon baki, da 1,000 na mai siririn baki a Indiya. Ƙidayar 2022 ta tarar da adadin a tsaye, bai faɗi ba, bai kuma hau ba. Cibiyar kanta tana riƙe da tsuntsaye sama da 300, mafi yawansu a cikinta aka haife su.

Mutane ma sun biya. Mushen da ungulu ta bari karnuka da ɓeraye suka gada, wani kuma ya ruɓe a bakin ruwa. Wani nazari da Eyal Frank da Anant Sudarshan suka buga a 2024 ya ƙiyasta cewa rashin ungulu ya jawo ƙarin mutuwar mutane kimanin rabin miliyan tsakanin 2000 da 2005, ta hanyar gurɓatar ruwa da ciwon haukan kare da makamantansu.

## Hukunci

Abin da aka ɗora wa cibiyar a 2004 ta yi shi. Nau'o'i uku da ba a san yadda ake kiwonsu ba yanzu suna haihuwa a keji kowace shekara. Dalilan a bayyane suke: an kama tsuntsayen da wuri tun ana samunsu, an tsare abincinsu ba sassauci, an gina keji daidai da ɗabi'ar ungulu, kuma an haƙura da shekarun farko da ba su ba da komai ba. Ina ganin waɗanda suka dage a kan killacewa a 2004 sun yi daidai, musamman game da mai siririn baki wadda ba ta da yawan da za ta jure wani jinkiri.

Shekarun neman ƙwayar cuta sun ci tsuntsaye masu yawa, amma ban ga adalci a ɗora wa masu binciken laifi ba, domin ba a taɓa ganin maganin dabbobi ya yi wa tsuntsun daji irin wannan ɓarna ba kafin nan. Jinkirin da ba shi da uzuri shi ne wanda ya zo bayan an san dalili: daga haramcin 2006, shekara tara kafin a taƙaita kwalbar mutane, shekara goma sha bakwai kafin a hana ketoprofen da aseklofenak. Wannan ne ya sa tsuntsayen da aka haifa a 2008 da bayanta suka girma a keji ba wurin sakinsu, kuma shi ya sa adadin da aka saki bai kai ya sauya ƙidayar daji ba.

Nepal ta nuna inda bambancin yake. A can an bi shaguna da ƙauyuka gunduma-gunduma, ana karɓar diklofenak ana ba da meloksikam, har maganin ya kusa ɓacewa daga kasuwa. Ungulayen dajinta suka fara ƙaruwa tun kafin ta soma sakin na keji a 2017. A Indiya har yanzu magani kan shiga kasuwar dabbobi tukuna, sannan daga baya masu bincike su tabbatar yana kashe ungulu, sannan a shiga neman a hana shi. Muddin ba a juya wannan tsari ba, ya zama sai an gwada magani a kan ungulu kafin a ba shi izini, cibiyar za ta ci gaba da haifar tsuntsaye fiye da waɗanda za ta iya saki.